Gashin da Ya Ƙi Kwanciya

Ranar da na datse gashina, Goggo ce ta fara gani. Na zame ɗankwali zan yi alwalar la'asar, sai ta dakata da jan carbi ta ƙura mini ido. "Ke 'yar nan, makero ne ya kama ki ko ƙwarƙwata?" Na ce, "Goggo, lafiyata ƙalau, yayi ne." Ta ce Allah ya kyauta, ta koma kan carbinta.

Ban ga laifinta ba. A inda muka taso, mace ba ta kai almakashi kanta sai da lalura. Amma a unguwarmu nan Dei-Dei, cikin matan da muke haɗuwa a Islamiyya da gidajen suna, da wuya wata ya wuce ban ji wata ta yanke gashin da man miƙarwa ya cinye ba, don ta sake rainon nata na asali. Ni tun ina 'yar sakandare ake shafa mini wannan man. Sinadarin da ke cikin wasunsa shi ne sodar da ake haɗa sabulu da ita, shi ya sa yake ƙona fatar kai idan an bar shi ya daɗe. Gashina ya koma ja, ya sirance kamar zaren buhu, ko matsefi na sa sai ya biyo shi. Sannan a watan Oktoban 2022 masu bincike na hukumar lafiya ta Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata fiye da 33,000, inda suka ga masu yawan amfani da kayan miƙar da gashi sun fi kamuwa da sankarar mahaifa. Ba su ce man ne kaɗai sanadi ba, amma labarin ya zaga WhatsApp, ya kuma tsorata mu.

Yanke gashin bai ba ni wahala ba. Abin da ya biyo baya ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wadda ta datse, washegari za ta buɗe TikTok ko YouTube tana neman yadda za ta gyara ɗan abin da ya rage mata a gida. Nan za ta tarar da wata yarinya a Landan ko Atlanta ko Lekki, gabanta kwalabe kusan goma, tana koyar da darasi guda: kada a bar ko silin gashi ɗaya ya ɗaga kai. A lafta jel, a ɗauko tsohon burushin haƙori a kwantar da gashin goshi, a ɗaure da ƙyalle, a jira ya sandare. Irin waɗannan 'yan mata suna da wata kalma ta Turanci da suke kiran tashin gashi da ita, suna faɗinta kamar sunan cuta. Na bi wannan darasi wata uku cur, kuma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Gashin da ke murɗe tun daga saiwa, tashi ɗabi'arsa ce. Abin da ke damun gashinmu bushewa ce, kuma jel ba ya maganinta, rufe ta kawai yake yi. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarawa cikin sauƙi a kan miƙaƙƙen gashi, amma a kan mai murɗiya sai ya maƙale a hanya, bakin gashin ya zauna da ƙishirwa. Kowane sili yana da ɓawo-ɓawo a jere kamar na kifi. Idan ya bushe ɓawon ya buɗe, da damina sai ya zuƙi laimar iska ya kumbura, kowane sili ya kama gabansa. Da hunturu kuwa iskar ce ke tsotse ɗan ruwan da ya rage, har ki ji gashi yana ƙas-ƙas idan ya gogi hijabi.

To, ɗauki wannan gashin ki kawo shi Dei-Dei. Muna zaune a bakin titin Kubwa zuwa Zuba, tireloli da tifofi ba dare ba rana. Ga kasuwar katako da garin itacen da injina ke watsawa, ga kasuwar kayan gini da ƙurar siminti, ga kara da shanunta. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ya zo ya ƙara nasa. Jel abu ne mai danƙo, kuma duk abin da iska ta ɗauko sai ya sami wurin zama a kansa, ko da ta ƙarƙashin ɗankwali ne. Na taɓa wanke kaina bayan kwana huɗu, ruwan da ya sauka a baho kamar an dama kunun kanwa.

Akwai kuma abin da yarinyar Landan ba ta lissafa da shi. Mu a mazhabar Malikiyya kai gaba ɗaya ake shafa a alwala, daga goshi zuwa ƙeya a dawo. Jiƙaƙƙen hannu ya bi ta kan jel da azahar, ya sake bi da la'asar, kafin magariba ya narke ya sake bushewa ya zama fari-fari kamar amosanin ka. Sai ki sake ɗauko burushi ki sake ja. Wannan ja na kullum, haɗe da ɗaurin ɗankwali mai tsauri a wuri guda, shi ke cinye gashin goshi, irin cin da matsattsen kitso ke yi. Duk wannan wahala kuma a kan gashin da daga maigida sai madubi ke ganinsa.

Mai kitson layinmu ce ta dawo da ni hanya, dattijuwa ce da ta fi shekara talatin tana sana'ar. Na je mata da kai a sandare, ta taɓa ta janye hannu. "Hajiya, wannan ai kin kafe shi ne kamar kilishi. Je ki jiƙa karkashi." Ganyen da muke miya da shi, shi take nufi. A zuba a ruwan ɗumi, a bar shi ya saki yauƙi, a tace, a cuɗa kai da shi. Santsin ne ke warware cukurkuɗar ba tare da an tsinka gashi ba. Tun yana da danshi a murza man kaɗanya a tafin hannu har ya narke a bi shi, domin man ba ya shayar da gashi, ruwan da ke ciki yake tsarewa. Wadda ta shafa shi a kan busasshen kai ta yi aikin banza. Sannan a kama shi 'yan kalaba ƙanana, ko da tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, a kwana da hula mai santsi, saboda atamfa auduga ce, tana shanye mai. Taje kuwa sai yana jiƙe, daga baki a gangaro saiwa, da yatsu kafin matsefi.

Bayan nan ne na ci karo da wani ganye a intanet cikin leda mai sheƙi, sunansa ambunu, an ce sirrin matan Chadi ne, ana aika shi har Turai. Na ƙura ido a hoton sai na fashe da dariya. Karkashi ne. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Man kaɗanyar ma haka, jihar Neja da ke maƙwabtaka da mu tana cikin manyan wuraren da ake samunsa, amma sai ya je waje an zuba masa turare an sa a kwalba muke ganin darajarsa.

Kada a ɗauka ina sukar gyaran gashi a gida. Tun kullen korona da aka sa wa Abuja a ƙarshen Maris na 2020, lokacin da shagunan gyaran gashi suka rufe, mata da yawa suka gane hannunsu zai iya. An huta da kuɗin Keke Napep, an huta da zaman jiran a tayar da janareto kai na ɗigar ruwa. Jel ɗin ma ban jefar ba, yana nan a kan madubi saboda ranar biki, inda za a kafa ɗauri a bar goshi a waje na awa uku. Abin da ke ba ni takaici shi ne mun bar man miƙarwa don mu daina tilasta wa gashi, sai muka koma tilasta masa da burushi. Kuma waya ba za ta taɓa kanki ta ce ya bushe ba, sai mai kitso da kike zaune tsakanin gwiwoyinta.

Jiya na tsefe kalabar bayan mako guda. Gashin ya tashi, ya yi tum kamar audugar rimi, taushi har cikin yatsu. Goggo ta miƙo hannu ta shafa, ta ce haka na mahaifiyarta yake kafin zuwan kayan kanti. Sai ta tambaye ni ko akwai sauran karkashin, tana sha'awar miyarsa da tuwon dawa.