Lasisin Mai Ba da Shawarar Kuɗi: Halaccinsa da Giɓin da Ya Bari

Wasu daga cikin ɗalibanmu suna ganin tilasta wa mai ba da shawara kan zuba jari ya yi rajista da hukumar SEC takurawa ce marar asali a shari'a, tunda nasiha haƙƙi ne a wuyan kowane Musulmi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Imam Abu Hanifa, duk da ƙin da yake yi wa sanya hajaru a kan baligi mai hankali, ya yarda a hana mutum uku aiki: mufti fajiri, da likita jahili, da mai ba da hayar dabbobi wanda ya tsiyace. Illar hukuncin ita ce cutarsu tana game jama'a. Wanda ya ga yadda dukiyar mutane ta salwanta a tsarin MMM a ƙarshen 2016 ba zai yi jayayya a kan shigar jahilin mashawarci ƙarƙashin wannan illa ba. Saboda haka asalin Dokar Zuba Jari ta 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007, yana da madogara a babin hisba.

Inda nake da ja shi ne abin da lasisin yake shaidawa. Yana tabbatar da takardun karatu da ƙarfin jari, amma bai warware tambayar da fiƙihu ya fi damuwa da ita ba: wa ke biyan mashawarcin? Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ajiye wanda aka nemi shawararsa a matsayin amintacce. Idan kuwa la'adarsa daga kamfanin da yake tallata hajarsa take fitowa, to dillali ne. Dillanci halal ne, sai dai sanya masa rigar nasiha yaudara ce, kuma rubuta la'adar a takardar da mai kuɗi ba ya iya karantawa ba ya gusar da ita. Birtaniya ta haramta irin wannan la'ada tun ƙarshen 2012.

Mu ma malamai ba mu kuɓuta ba. Babban Bankin Nijeriya yana amincewa da naɗin malaman kwamitin shari'a na bankunan da ba sa mu'amala da riba, majalisar FRACE tana samansu, amma ladansu daga bankin da suke yi wa fatawa yake fitowa.