Kasuwa ko Gayya? Sharhi a kan Littafin Eric Raymond da Matsalar Kai Aikin Sa Kai ga Gaci

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan wani ɗan littafi da ya yi tashe a tsakanin masu aikin kwamfuta, watau The Cathedral and the Bazaar na Eric Raymond, mutumin Amurka. A Hausance sunan yana nufin babbar majami'a da kasuwa. Marubucin ya fara karanta shi a matsayin maƙala a wani taro a ƙasar Jamus cikin watan Mayu 1997, sa'an nan aka buga shi littafi a 1999. Tasirinsa ba ƙarami ba ne, domin yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa wa kamfanin Netscape guiwa ya buɗe asalin rubutun manhajarsa a 1998. Har yau matasanmu da ke haɗa kai don rubuta manhaja ko fassara ta zuwa Hausa, da ra'ayin wannan littafi suke tafiya, ko sun karanta shi ko a bakin wani suka ji. Za mu auna shi da ma'auni biyu: tarihin manhajar Debian, da kuma al'adar gayya kamar yadda aka san ta a ƙasar noma ta Funtuwa da Malumfashi.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu share wa mai karatu hanya. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ke sarrafa na'urar, sauran manhajoji kuma a bayanta suke hawa. Wata ta kamfani ce, a rufe take, kamar Windows. Wata kuwa buɗaɗɗiya ce: kowa yana iya duba asalin rubutunta, ya gyara, ya raba wa wasu. Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya fara rubuta ƙwayar irin wannan a 1991, aka kira ta Linux. A watan Agusta 1993 Ian Murdock ya kafa Debian domin a tattaro ƙwayar nan da sauran manhajojin da ake bukata, a ɗinke su wuri guda. Yawancin masu wannan aiki 'yan sa kai ne, kimanin mutum dubu masu cikakken izini, warwatse a ƙasashen duniya.

Abin da Raymond ya gani

Raymond ya ce hanyar gina manhaja iri biyu ce. Akwai ta majami'a, inda gwanaye ƙalilan ke kulle kansu, su tsara komai tun daga tushe, ba mai ganin aikin sai an gama. Akwai kuma ta kasuwa, inda ake baza aikin a fili tun yana ɗanye, a riƙa sakinsa a kai a kai, kowa ya sa hannu. A ganinsa idan idanu suka yi yawa a kan rubutu, kuskure ba ya samun maɓoya. A taƙaice dai, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ya kafa hujja da Linux da kuma wata ƙaramar manhajar ɗauko wasiƙu mai suna fetchmail, wadda shi da kansa ya shugabanta.

Tilas mu ba shi haƙƙinsa a kan sukar majami'a, don mu ma a nan mun ga irinta. Shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, wanda aka gudanar da rancen Bankin Duniya daga 1975 zuwa 1980, a ofis aka tsara shi. Ya kawo taki da iri da hanyoyin karkara, masara kuma ta samu gindin zama, amma manazarta da dama sun soke shi da cewa manyan manoma ne suka fi cin moriyarsa, ƙaramin manomi kuwa ba a tambaye shi ba. Wanda ya san wannan ba zai yi wa Raymond gardama ba a kan cewa tsari daga sama yana da makanta.

Inda muka rabu da shi shi ne kalmar kasuwa. Wanda ya taɓa cin kasuwar hatsi a yankinmu ya san kowa gabansa yake yi. Mai masara ya sayar ya tafi, mai awo ya ƙulle buhunsa, da la'asar a watse ba tare da an gama wani abu guda tare ba. Kuma ko ita kasuwar ba sakaka take ba, tana da sarkinta da dillalanta. Abin da ya fi kama da aikin Debian a wurinmu shi ne gayya, kuma da Raymond ya san ta, da tambayar da ya tsallake ta tsaya masa a gaba: wa ke sa mutanen da ba a biya ba su gama aiki?

Gayya da mai gayya

Gayya ba taron bazata ba ce. Tana da mai ita. Shi ne zai zagaya ya gaya wa mutane, ko ya aika da goro. Shi zai sa rana. Matan gidansa su kwana suna daka, a dama fura ko kunu, a tuƙa tuwo. Idan da hali a kira makaɗan noma. Ba shi da bulala, ba shi da ikon korar kowa. Wanda ya ƙi zuwa ba za a kai shi gaban alƙali ba. Amma aikin da aka kira mutane dominsa sananne ne, yana da farko da ƙarshe: noman firi ne, ko maimai, ko huɗa, a gona kaza, ran kaza. Idan an jeru, kowa ya kama kunyarsa, kuma duk wanda aka bari a baya jama'a na kallonsa, makaɗi kuma ba ya rufa asiri. Kunyar ƙasa ce a gabansa, kunyar ido a bayansa. Sa'an nan kowa ya san biki ne: ka je gonar wani yau, a zo taka gobe.

To, Raymond bai musanta amfanin shugaba ba. Ya faɗi cewa ba a fara aiki daga babu a cikin kasuwa, sai wani ya kawo abin da ya fara tsayuwa, kuma jagora yana bukatar iya zama da mutane. Sai dai ya ɗauki fitar da manhaja a matsayin abu mai sauƙi da za a yi kullum, ya kuma yi wa aikin manajoji ba'a, yana ganin sha'awa da son suna sun isa su tura mutane. Wannan ya yi daidai da fetchmail, gayauna ce ta mutum guda, ran da ya ga dama ya girbe. Debian kuwa gandu ce. Fitowarta ta 2023 ta ƙunshi ƙunshin manhaja fiye da 64,000, kuma wajibi ne duka su zauna lafiya da juna a rana ɗaya. Idan ɗaya ya canja, ɗari na iya karyewa. A nan sha'awa ba ta isa ba, domin abin da ya rage a ƙarshe shi ne aikin da ba mai sha'awarsa.

Tsarin mulkin Debian, wanda aka amince da shi a 1998, ya bayyana ƙarara cewa ba wanda za a tilasta wa yin wani aiki. Shugaban shirin zaɓensa ake yi duk shekara, kuma ikonsa bai wuce ya wakilta mutane a kan ayyuka ya sasanta tsakani ba. Watau mai gayya ne, ba mai gari ba. Sakamakon haka ya bayyana bayan fitowar da aka laƙaba wa suna Woody a watan Yuli 2002. Ta gaba, Sarge, ba ta fito ba sai Yuni 2005, kusan shekara uku. Ba wai ma'aikata sun ƙare ba ne. Kullum ana ta ƙara sabon abu, ana ta gardama, gona tana faɗi ba a kai ƙarshen kunya ba. Ana cikin wannan jira ne Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya ɗebi aikin Debian, ya ɗauki ma'aikata da albashi, ya fitar da Ubuntu a Oktoba 2004, da alkawarin sabuwar fitowa duk wata shida. Littafin Raymond ba shi da abin cewa a kan waɗannan shekaru uku.

Ranar da kuɗi ya shigo gona

Abin da ya biyo baya shi ya fi dacewa manomin Malumfashi ya yi wa masana fashin baƙinsa. A 2006, lokacin da Anthony Towns yake shugabancin Debian, aka sa ran fitar da Etch a farkon Disamba. Don kada a maimaita jinkirin baya, shi da wasu suka kafa wata gidauniya a gefe mai suna Dunc-Tank, aka tara gudummawa domin a biya mutum biyu masu kula da fitarwa, Steve Langasek da Andreas Barth, kowanne ladan aikin wata guda. A ido dabara ce mai kyau. Amma sai gari ya ɗau zafi. Wasu 'yan sa kai suka ce ta yaya za a biya biyu a bar sauran, alhali kowa gumi yake yi? Wasu suka sassauta aiki, wasu suka ajiye, har aka kaɗa ƙuri'ar tsige shugaban, ko da yake ya tsira. Etch ba ta fito ba sai 8 ga Afrilu 2007.

Ba mu ce kuɗin ne kaɗai ya kawo jinkirin wata huɗu ba, kuma gaskiya ne Etch ta zo da wuri idan an kwatanta da Sarge. Abin lura shi ne irin raunin da aka ji. Duk wanda ya tashi a karkara ya san ba a haɗa 'yan gayya da 'yan ƙwadago a layi ɗaya. Ɗan ƙwadago ko mai jinga ya san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shi da mai gona ciniki ya haɗa su, biya ya raba su. Ɗan gayya kuwa da mutuncinsa ya zo. Ranar da ya ga an miƙa wa na kusa da shi kuɗi, a take aka sa wa guminsa farashi, aka kuma nuna masa cewa nasa bai kai a biya ba. Ba abin mamaki ba ne fartanya ta yi masa nauyi.

Amma fa kada a ɗauka muna cewa kuɗi haram ne a wannan fage. Paul Clough, wanda ya yi zaman nazari a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi tun daga 1977, ya kuma buga littafinsa a 2014, ya nuna yadda ƙwadago da fataucin hatsi suka yi ƙarfi a wurin ba tare da sun tsinke igiyoyin zumunci da na ubangida da bara ba. Haka nan a Debian akwai mutane da yawa da kamfanoninsu ke biya suna aikin, ba mai tayar da jijiyar wuya. Abin da aka ƙi shi ne a ga hannun mai gayya a cikin rabon kuɗin. Raymond ya yi dogon bayani a wata maƙalarsa kan al'adar kyauta da neman suna, amma wannan ɗan siririn bambanci ya kuɓuce masa.

Idanu masu yawa

A kan batun yawan idanu ba za mu daɗe ba, tarihi ya riga ya yi magana. A 2006 wani gyara da aka yi wa OpenSSL a cikin Debian ya raunana makullan sirri na ɗimbin kwamfutoci, ba a farga ba sai Mayu 2008. A Maris 2024 Andres Freund ya gano wata ɓoyayyar ƙofa da aka dasa a manhajar xz, wadda mutum guda ya shekara da shekaru yana ɗauke da ita har ya gaji, wani maƙetaci ya lallaɓo da sunan taimako. Rubutun a buɗe yake duk tsawon lokacin. Ana samun jama'a ranar kiɗa da fura, amma ba a taɓa kiran gayyar gadin rumbu ba.

Damina ta ƙirƙira

A nan ne kwatancen namu da kansa yake da iyaka, kuma iyakar tana da amfani. Mai gayya yana da mataimakin da shugaban Debian ba shi da shi, watau damina. Ba sai ya yi wa kowa wa'azin gaggawa ba. Ciyawa na cin dawa a gaban idon kowa, wanda ya makara da shukar auduga kuma a kaka zai gani. Manhaja ba ta da damina. Ana iya shekara goma ana gyara ta, ba ta bushewa, ba ta ruɓewa a fili.

Maganin da Debian ta samo shi ne ta ƙirƙiri tata daminar. A 2009 aka sanar da cewa za a riƙa sa lokacin rufe ƙofa tun da wuri, maimakon a jira sai komai ya kammala. Ranar fitarwa ba a yanke ta, sai an shirya. Amma ranar da za a daina karɓar sabon abu kowa ya san ta. Daga nan aikin kwamitin fitarwa shi ne cewa a'a. Suna riƙe da jerin kurakuran da ke hana fitarwa, ana ƙirga su a fili, ana shirya zaman kwana biyu ko uku na farautarsu, wanda shi ne gayya tsantsa: aiki sananne, rana sananniya. Ƙunshin da mai shi ya yi sakaci da shi kuwa, idan ba ginshiƙi ba ne, sai a cire shi a tafi. Ba a tilasta wa kowa aiki ba, amma ba a kuma tsaya jiran kowa ba.

Tun daga Squeeze a Fabrairu 2011, Debian ba ta sake saɓa fitowa duk bayan kimanin shekara biyu ba: 2013, 2015, 2017, 2019, 2021, 2023. Ta 2025, mai suna Trixie, an fara rufe mata ƙofa mataki mataki daga 15 ga Maris, lokacin da manomin Funtuwa ke sassabe, aka ƙara matsewa a Afrilu da Mayu, aka kulle gaba ɗaya a ƙarshen Yuli, ta fito ranar 9 ga Agusta, sa'ad da masarar fari ta fara shiga kasuwar Bakori.