Amadou da Mariam: Waƙa Ta Wa Ce Idan Baƙi Sun Yi Yawa?

Da Amadou Bagayoko ya rasu a Bamako ranar 4 ga Afrilu, 2025, yana da shekara 70, kusan duk jaridar da ta ba da labarin da abu ɗaya ta fara: makafin nan biyu na ƙasar Mali, miji da mata. Sai ta bi da sunan Manu Chao, mawaƙin Faransa da ya shirya musu kundin Dimanche à Bamako a 2004. Wanda bai san su ba zai ɗauka wasu bayin Allah ne Bature ya tsinta a bakin titi ya share musu hawaye. Muna ganin wannan labarin ya tauye musu haƙƙi, kuma waƙoƙinsu ne shaidarmu.

Kafin ya haɗu da Mariam Doumbia a makarantar matasa makafi ta Bamako a shekarun 1970, Amadou ya riga ya zama gwanin jita. Ya yi shekaru yana kaɗa wa ƙungiyar Les Ambassadeurs, wadda Salif Keita ya yi waƙa a cikinta. Aikin irin wannan ƙungiya shi ne nishaɗantar da baƙin otal, don haka dole makaɗi ya iya kiɗan Kuba, da na baƙaƙen Amurka irin su James Brown, da kuma kiɗan gida. Shi kansa Amadou ya sha bayyana ƙaunarsa ga ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila. Mariam kuwa, wadda ƙyanda ta ɗauke wa gani tana shekara 5, muryarta ta matan Bambara ce masu waƙa a gidan biki, siririya mai kaifi. Ashe gaurayen gida da waje da ake jingina wa furodusoshin Turai, tun daga Bamako suka taho da abinsu.

Sun yi aure a 1980. A 1986 suka koma Abijan, inda ake da situdiyo da kasuwar kaset, suka yi aiki da wani furodusa mai suna Maikano. Waɗannan kaset-kaset su ne ya kamata mai son fahimtar su ya fara nema, tunda an sake fitar da su daga baya. Babu komai a ciki sai jita ɗaya da murya biyu. Amadou yakan kama ɗan gajeren kiɗa ya yi ta maimaita shi, yana ɗan karkata shi kaɗan-kaɗan, kamar mai kaɗa molon Mali da ake kira ngoni. Mariam ta ɗora waƙa, shi ya amsa, wani lokaci su haɗa baki. Zancen kuma na yau da kullum ne: soyayya, zaman aure, haƙuri da mutane, yabon manoma da masu sana'a. Duk abin da duniya ta so a wurinsu daga baya yana nan a cikin waɗannan kaset-kaset.

To, me baƙi suka ƙara? Manu Chao ya kawo hayaniyar titi, jiniyar mota, muryoyin yara, da wannan kiɗan nasa mai tsalle-tsalle wanda duk wanda ya san shi zai gane. Kundin ya yi daɗi, ya sami lambar yabo a Faransa a 2005, ya buɗe musu ƙofofin da kaset ɗin Abijan ba zai taɓa buɗewa ba. Amma a wasu waƙoƙin sai ka rasa wane ne mai gida, wane ne baƙo. A kundin Welcome to Mali na 2008, Damon Albarn ya shirya waƙar Sabali, inda ya ɗora muryar Mariam a kan kiɗan na'ura zalla, jitar Amadou ta ja baya. A nan cacar ta ci, domin muryar ta fito fili fiye da ko yaushe, har mai saurare ya ji ashe ita kaɗai ta isa ta riƙe waƙa.

Inda muke ganin an zarce shi ne Folila na 2012. An ɗauki waƙoƙin sau biyu, sau ɗaya a Amurka tare da mawaƙan can, sau ɗaya a Bamako da makaɗan gida, sannan aka haɗe su wuri guda. Baƙi sun cika gidan har masu gida sun koma zaure. Kowane baƙo gwani ne a fagensa, sai dai abin da ya sa ake sauraron Amadou da Mariam shi ne hirar da ke tsakanin jita da murya biyu, kuma hira ba ta yiwuwa a tsakiyar kasuwa. Wannan shi ne haɗarin da ke jiran duk mawaƙin Afirka da ya shiga kasuwar Turai, inda kamfani ke ganin sunan baƙo a bangon faifai ya fi saurin jawo mai saye.

Sai batun makanta. Mu ma nan ba mu tsira ba, domin da zarar an ce makaho yana waƙa, bara ce ke fara zuwa zuciyar da yawanmu, duk da cewa muna da Aliyu Namangi na Zariya, makahon da ya bar mana Imfiraji. Amsar da Amadou da Mariam suka bayar ta fi kowace muhawara ƙarfi. A 2011, a birnin Manchester na Ingila, sun yi wasan da suka kira Eclipse, inda aka kashe fitilu gaba ɗaya, jama'a suka zauna cikin duhu suna sauraren kiɗa da labarin rayuwarsu. Babu baƙin tabarau da za a kalla, babu abin tausayawa. Kowa ya koma amfani da kunne, wato aka shigo da masu ido fagen da su biyun suka fi kowa ƙwarewa.

Wannan ya sa muke auna 'yancin mawaƙi da wani ma'auni daban da na takardar yarjejeniya da kamfani. Tambayar ita ce, idan an sallami baƙi, an kashe na'urori, me ya rage? Mawaƙa da yawa na wannan zamani, da ake gina waƙarsu dungurungum a kan kwamfuta, ba za su so a yi musu wannan tambayar ba. Su kuwa waɗannan biyun sun amsa ta tun a Abijan, kafin Turai ta san da zamansu. Wanda zai saurare su a wayarsa yau, shawararmu ita ce ya fara da tsofaffin kaset ɗin, sannan ya zo kan Dimanche à Bamako. Idan ya bi wannan jerin, zai ji da kunnensa abin da Manu Chao ya tarar da kuma abin da ya ƙara.