Jami'ar Yamai da sunan da aka raɗa mata

Kai mai karatu, in ka je Yamai, ka ƙetare kogin Isa ta gadar Kennedy, za ka iske wasu manyan gine-gine a unguwar Harobanda. Nan ce jami'a, wadda 'yan lakkwal suke cewa iniwarsite. Da kuɗin ƙasa aka gina ta. Kuɗin gujiya da na dabbobin iyayenka suna ciki. Saboda haka kana da bakin magana a kanta.

Lokacin da muka samu mulkin kai a 1960, babu jami'a a Nijar. Yaron da ya ci jarrabawar bak sai a tura shi Dakar, ko Abijan, ko Faransa. Wasu su komo gida, wasu sai labari. A 1971, zamanin shugaba Jori Hamani, aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai. A 1973 aka mai da ita jami'a. Tambayi tsofaffin garinku wace shekara ce wannan. Shekarar fari ce, rumbuna wayam, shanu suna faɗuwa a hanya. Wani zai ce ba lokacin gina babbar makaranta ba ne. Ni dai na ce an yi daidai. Likitan da ya koyi aiki a asibitin Yamai ya ga ƙyanda da sanƙarau da idonsa tun yana ɗalibi.

Ga yadda aka tsara gidan. Akwai shugaba guda, ana ce masa rakta. Ƙarƙashinsa an raba karatu sashe-sashe: na kimiyya, na likitanci, na noma, na shari'a, na tattalin arziki, na harsuna da tarihi, da makarantar horon malamai. Akwai kuma cibiyoyin bincike. Ƙofar shiga ita ce bak, bayan shekara 13 na lakkwal. Wannan tsari duka daga Faransa aka kwafo shi, har sunayen jarrabawa. Da harshen ma aka kwafo shi, kuma a nan maganata take.

A 1992 aka raɗa wa jami'ar sunan Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991. Babban masanin kimiyya ne. Shekaru da yawa yana shugabancin ma'aikatar binciken ƙarfin rana, inda aka ƙera na'urar dafa ruwa da zafin rana. Ya kuma riƙe jami'ar daga 1979. To, a 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka. A ciki ya nuna makarantar Nasara an yi ta ne don a samu 'yan ƙalilan masu yi wa Nasara aiki. Ya ce a koyar da yara da harsunan iyayensu, a kuma koya wa manya karatu da harshensu. Shekara 60 da wani abu ke nan da faɗin haka.

Yanzu shiga sashen noma ka saurara. Ana maganar hatsi da wake, da tsutsar da ke cin zangarniya, da ƙasar da ta gaji. Duka da Faransanci. Ɗalibi ya yi bincike, ya rubuta da Faransanci, a ajiye a ɗakin littattafai. Manomin da aka auna gonarsa ba zai iya karanta layi ɗaya ba, ko da ya gama yaƙi da jahilci da hannu mai kyau. Ba na cewa malaman ba su aiki. Suna yi, cikin ƙarancin kuɗi da cunkoson ɗalibai. Akwai ma waɗanda suka ƙare rayuwarsu kan nazarin Hausa da Zabarmanci da Fillanci. Amma yawancin abin da suka rubuta a kan harsunanmu, da harshen wani suka rubuta shi.

Kada a ce Hausa ba ta iya ɗaukar babban karatu. A 1973 ɗin nan aka buɗe lakkwal ta gwaji a Damagaram, yara suna fara karatu da lissafi da Hausa. A Kano kuwa, a jami'ar Bayero, ɗalibin sashen Hausa da Hausa yake rubuta kundin bincikensa har ya zama dokta.

A 2010 aka buɗe jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara wasu huɗu. Gida ya matso kusa da mu, harshe yana nan inda yake. A 2025 babbar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Sai dai ni a ajina, wanda ya gama littafin farko yakan tambaye ni: “Malam, yanzu me zan karanta?” Nakan rasa abin miƙa masa.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Duk ɗalibin noma ko na likitanci, kafin a ba shi takardar shaida, ya rubuta shafi 4 na abin da ya gano, da Hausa ko da harshen mutanen da ya yi bincike cikinsu. A aiko mana, mu buga, a karanta da dare a dandalin gari.