Buhun Gawayi da Jemagun Tamale: Ina Masanin Muhalli a Baje Kolin Masu Fasaharmu?

Duk wanda ya tashi a zangunan Kumasi ya san buhun algarara. A Indiya da Bangaladash ake saƙa shi, a shigo da shi Ghana domin zuba ƙwayar koko. Idan ya gama wannan aiki sai ya faɗa hannun 'yan kasuwa, a zuba masara ko shinkafa, in ya tsufa ya yi baƙi a miƙa shi ga masu gawayi. Wannan buhun da muke takawa mu wuce shi ne ya kai Ibrahim Mahama duniya. An haife shi a Tamale a 1987, ya yi karatun zane a jami'ar KNUST da ke nan cikin gundumarmu ta Oforikrom. A 2015, a babban baje kolin birnin Venis na Italiya, ya lulluɓe dogayen bangaye da tsofaffin buhunan da aka ɗinke wuri guda, ya sa wa aikin suna Out of Bounds.

Aikin yana da ƙarfi, babu ja. Mutum na tsaye a gabansa zai ga faci, ya ga sunayen 'yan kasuwa da aka rubuta da fenti, ya ji warin gumin waɗanda suka yi dakonsa. Mahama ya sa buhu ya ba da tarihin ƙwadago da fatauci, kuma ya yi hakan ba tare da dogon turanci ba. Sai dai buhun gawayi na ɗauke da labari biyu. Na farko na mutumin da ya ɗauka ne, na biyu na bishiyar da aka sare. Gawayin da Kumasi ke girki da shi yawancinsa daga dazuzzukan Kintampo zuwa arewa yake gangarowa. Wace bishiya ce aka fi ƙonawa? Shekara nawa take yi kafin ta sake tsayawa? Mai kallo zai fita daga gaban bangon da tausayin ɗan dako a zuciyarsa, amma game da daji zai fita kamar yadda ya shiga. A nan ne ake jin rashin muryar masanin muhalli.

Wani zai ce ai mai fasaha ba malamin makaranta ba ne. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke son baje koli ya koma allon darasi. Amma an taɓa gwada haɗa hannun nan a wasu ƙasashe, kuma misali biyu sun isa su nuna mana inda ake dacewa da inda ake tuntuɓe.

A 2014 mai fasaha Olafur Eliasson da masanin duwatsu Minik Rosing suka ɗebo manyan curin ƙanƙara goma sha biyu daga tekun Girinlan, suka jera su kamar fuskar agogo a dandalin birnin Kofenhegen, suka bar su suna narkewa. Sun maimaita a Paris a 2015 lokacin taron sauyin yanayi, sannan a Landan a 2018. Jama'a sun taɓa, sun kara kunne, sun ɗauki hoto. Gani ya kori ji, wannan kam an samu. To amma bayan ƙanƙarar ta zama ruwa ta bi kwata, me ya rage? Masanin ya ba aikin nauyin sunansa da iliminsa, shi kuwa aikin bai mayar wa ilimin da komai ba.

Na biyun ya faru a 1991 a birnin Sen Fol na jihar Minesota a Amurka. Mel Chin ya haɗu da Rufus Chaney, masanin ƙasar noma, wanda ya daɗe yana da ra'ayin cewa akwai tsirrai masu zuƙe ƙarafa masu guba daga ƙasa. Suka killace wani fili a kan tsohuwar bolar da guba ta lalata, suka zana shi da'ira, suka raba da hanyoyi biyu masu gilma juna, suka yi shuka. Sunan aikin Revival Field. Da aka girbe aka kai ɗakin gwaji, aka tarar wani ɗan tsiro ya tara guba a ganyensa. Mai fasaha ya samu aikinsa, masani ya samu amsar tambayarsa, ƙasar ma ta ɗan amfana. A ganina ma'aunin ke nan: idan an rufe baje koli, an kashe fitila, me ya canza ga rafin ko bishiyar ko dabbar da aka yi taron domin ta?

Da wannan ma'auni, aikin Mahama da ya fi kusa da cika mudu ba buhu ba ne. A Tamale akwai wani katafaren rumbun siminti da aka soma ginawa zamanin Kwame Nkrumah, aka yi watsi da shi bayan juyin mulkin 1966. Mahama ya saye shi, ya share, ya buɗe shi a 2021 da sunan Nkrumah Volini. Ya tarar jemagu sun mai da wurin gida, sai ya ƙi korar su. A shekarar ne kuma siffar jemage ta cika baje kolinsa mai suna Lazarus a Landan. Barin su da ya yi hukunci ne mai kyau, domin ya yarda cewa ginin na da masu shi kafin zuwansa. Inda na ga gazawa shi ne, a cikin ayyukan, jemagen ya tsaya a matsayin alama: tashi bayan mutuwa, rayuwa a cikin kango. Alhali ita dabbar tana da nata labarin da ya fi alamar ban mamaki. Masana da suka maƙala wa jemagu masu cin 'ya'yan itace na'urar bin sawu a Akra sun gano suna iya kai iri har nisan kilomita 75. Irin waɗannan jemagun ne ke reto a bishiyoyin gidan namun daji na Kumasi, su ne kuma ke yaɗa irin odum, katakon da kafintocinmu ke alfahari da shi. Yaron da ya ji wannan a gaban hoton jemage, da wuya ya sake ɗaga danƙo ya harbe shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, a Kumasi kayan haɗin duk suna kusa da juna. A KNUST akwai blaxTARLINES, ƙungiyar malamai da ɗaliban zane wadda tun 2015 take fitar da baje koli daga ɗakunan alfarma zuwa inda talaka zai shiga kyauta. A harabar jami'ar guda akwai tsangayar albarkatun ƙasa, ga lambun tsirrai, ga rafin Wiwi na ratsa wurin. Gaba kaɗan a Fumesua akwai cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa. Matsalolin ma ba sai an je nema ba: rafin Aboabo ya toshe da leda, ruwan Offin da Oda ya koma kamar kunu saboda galamse.

Akwai kuma hannu na uku da ake yawan mantawa da shi, wato mutanen zango. 'Yan gwangwan na Dagomba Line sun san abin da hayaƙin waya ke yi wa ƙirji. Mai sayar da gawayi, da ɗaga buhu kawai, za ta faɗa maka ko na icce mai tauri ne. Tsofaffin Aboabo sun san rafin tun yana da kifi. Sau da yawa irin waɗannan mutane su ne masu ɗinki da dako a manyan ayyukan fasaha, amma idan an zo rubutun bango sai ka ga Turanci zalla, babu Hausa, babu Tiwi, babu Dagbanli. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, hannu biyu ma sukan gaza idan mai ɗakin na waje yana kallo.

Baje kolin da nake fatan gani a Oforikrom mai sauƙi ne. A yi shi a bakin Aboabo. Masani ya auna ruwan ranar buɗewa, a rubuta sakamakon da harshen da mazauna wurin ke ji. Mai fasaha ya yi abin da ya iya da ledar da aka tsamo, ba tare da kowa ya gindaya masa sharaɗi ba. Bayan shekara guda a dawo a sake aunawa a gaban jama'a. Idan lambar ta sauka, a yi murna. Idan ba ta sauka ba, a rataye ta a bango ita ma, kowa ya gani.