Kafin a Tura Dogon Yaro Italiya

A watan Yunin 2025 ƙungiyar Cleveland Cavaliers ta Amurka ta zaɓi Saliou Niang a matsayi na 58 cikin sababbin 'yan wasan da NBA ta ɗiba a shekarar. A lokacin saurayi ne ɗan shekara 21, haifaffen Dakar, amma rigar Italiya yake sawa. Watanni kaɗan kafin nan ya ɗaga Kofin Italiya tare da ƙungiyar Trento bayan sun doke Milano a wasan ƙarshe, daga baya ya koma Virtus Bologna, ya kuma buga wa Italiya gasar ƙasashen Turai. Samarinmu na Zongon Lome sun san shi sarai. A wayoyinsu suke tura wa juna bidiyonsa, yadda yake tashi sama ya danna ƙwallo cikin kwando da hannu biyu.

Ina taya shi murna har cikin raina. Abin da yake tayar mini da hankali shi ne darasin da ake ɗauka daga labarinsa. Yanzu da zarar Allah ya ba yaro tsayi, ya kere sa'anninsa a sahun salla, sai ka ji ana cewa a nema masa hanyar Italiya tun da wuri. Da can ƙwallon ƙafa ne kawai ke ɗaukar mana yara da irin wannan buri, saboda kowa a Togo yana son ɗansa ya zama Adebayor. Yau ƙwallon kwando ma ya shigo layi, kuma shi yaran da yake nema sun fi ƙanƙanta: 'yan shekara 14 da 15.

Akwai abin da masu ba da labarin Niang suke tsallakewa. Yana ɗan shekara biyu aka kai shi Italiya. A gaban iyayensa ya girma, a wani ƙaramin gari da ake kira Mandello del Lario a bakin tafkin Como. A can ya yi makaranta, harshen ƙasar ya zama nasa, ya fara wasa a ƙananan ƙungiyoyin yankin, idan an tashi atisaye gida yake komawa ya ci abincin uwarsa. Haka ma Awudu Abass, wanda ya riga shi. An haife shi a Como a 1993, uba ɗan Ghana, uwa 'yar Najeriya. Ya tashi a ƙungiyar Cantù da ke kusa da garinsu, yana cikin samarin Italiya da suka ci gasar Turai ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2013, ya yi wasa a Milano da Brescia, sannan yana Virtus Bologna lokacin da ta zama zakaran Italiya a 2021. Waɗannan 'ya'yan gida ne a can, da uwa da uba a bayansu. Yaron da za a ɗauko daga unguwarmu ta Togblekope a ɗora a jirgi shi kaɗai, bai san kowa ba, bai iya gaisuwa da harshensu ba, ba hanya ɗaya suka bi ba ko kaɗan.

Ya kamata iyaye su fahimci dalilin da ya sa ake son yaran da ƙuruciya, domin ba tausayi ba ne, lissafi ne. Hukumar ƙwallon kwando ta Italiya ta daɗe da ƙa'idar da ke tilasta wa kowace babbar ƙungiya ta sa wani adadi na 'yan wasan da aka rena a ƙasar, kamar biyar cikin goma ko shida cikin sha biyu. Kuma abin da ke sa a kira ɗan wasa renon Italiya shi ne ya buga gasannin yara na hukumar har kaka huɗu, ko da fasfonsa na wata ƙasa ne. To ka ga ke nan, yaron da ya iso yana ɗan 14 zai cika huɗun nan kafin ya fita sahun yara, ya zama kaya mai daraja a kasuwarsu. Wanda ya iso yana ɗan 19 baƙo ne, sai ya yi kokawar gurbi da Amurkawan da suka gama jami'a. Shi ya sa ake gaggawa. Kuma mai wannan lissafi ya san ba duk yaran da ya kwaso ne za su yi fice ba. Idan ɗaya ya fito, ya mayar da kuɗinsa. Sauran kuma sai wanda Allah ya taimaka.

Sauran nan su ne damuwata. Gwiwa tana iya tsinkewa a kowane lokaci; shi kansa Abass ya sha jinyar gwiwa mai tsawo yana tsakiyar ganiyarsa, amma yana da kwantiragi da likitoci da dangi. Yaron da ya ji irin wannan rauni yana ɗan 17, takardar zamansa tana rataye da makaranta ko ƙungiya, wa zai tsaya masa? Zama ɗan ƙasa kuwa ba a kusa yake ba. Dokar Italiya ta 1992 ta ce ko wanda aka haifa a can, muddin iyayensa baƙi ne da ba su sami takardar ƙasa ba, sai ya cika shekara 18 kafin ya nema. Baƙo daga wajen Tarayyar Turai kuma shekara goma zai zauna. A Yunin 2025 an yi ƙuri'ar raba gardama don a rage goman zuwa biyar, ta faɗi saboda masu zaɓe ba su fito da yawa ba.

Kwanaki wani mutum ya zo unguwarmu neman ɗan maƙwabcinmu, yaro mai natsuwa da ya fi ƙofar gidansu tsayi. Ya nuna hotuna a waya, ya ce yana da mutane a Turai, ya ce a haɗa kuɗin biza da na jirgi kafin wata ya mutu. Uban ya kusa sayar da filinsa. Yayan uban ne, wani dattijo da ya tsufa a fataucin shanu, ya zaunar da baƙon ya ce masa: "Malam, wane ne mai gidan yaron a can? Faɗa mini sunansa da garinsa, da wanda ya san shi a cikin mutanenmu." Mutumin ya yi ta kewaye-kewaye. Uban ya ce, "Yaya, kada mu toshe wa yaro arzikinsa." Dattijon ya ce, "Ni ban taɓa tura ko bijimi ɗaya garin da ba ni da mai gida ba." Daga ranar ba a sake ganin baƙon ba.

Wannan tambaya ita ce gadon da Zongo ta fi kowa iyawa. Kakanninmu sun zo Lome da goro da shanu daga Kano da Sakkwato da ƙasar Nijar, kuma abin da ya riƙe kasuwancinsu shi ne mai gida: mutumin da ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi ko an yi rigima, domin sunansa ne a kan layi. Ko da gwamnati ta rushe tsohuwar Zongo ta tsakiyar gari a 1977 aka mayar da mu Togblekope, wannan tsari bai rushe ba. Abin kunya ne a ce mun fi kula da amanar dabba a kan ta ɗan da muka haifa. Ita ma hukumar FIBA ta duniya ta hana a ɗauke ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa kafin ya cika 18 sai da izini na musamman, kuma sai ƙungiyar ta nuna makarantar da zai shiga da inda zai kwana. Duk wanda ya zo da gaskiya zai iya nuna wannan takarda, kuma ƙungiyar kirki ba ta karɓar kuɗin jirgi daga hannun talaka.

Ba na cewa hanyar ba ta taɓa ɓullewa ba. Paul Eboua ɗan Kamaru ya tafi yana yaro, ya tashi a makarantar Stella Azzurra ta Roma, ya kai ga buga babbar gasar Italiya a Pesaro. Idan an sami irin wannan wuri sananne, da yarjejeniya a rubuce, da ɗan'uwa a kusa da zai riƙa leƙa yaron ya ga ko yana karatu yana salla, ni ba zan ce kada a tafi ba.

Amma na fi son mu dubi Zariya. Wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana koyar da yara a filayen Jami'ar Ahmadu Bello. A hannunsa Masai Ujiri ya koyi wasa, kuma sai da ya zama saurayi ya bar Najeriya. Shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci NBA a 2019, kuma tun 2003 gidauniyarsa ta Giants of Africa take buɗe sansanonin horo a nahiyar nan. Yanzu akwai makarantar NBA a Saly ta Senegal, akwai gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka da aka fara a Kigali a 2021. Masu neman 'yan wasa suna zuwa da ƙafarsu duk inda suka ji ana wasa mai kyau. Tsayi kaɗai ba ya kai yaro ko'ina. Sai ya iya sarrafa ƙwallo da hannun hagu kamar na dama, ya iya tsaron gida, ya san inda zai tsaya, kuma duk wannan ana koyonsa a kan siminti a bayan gida.

Mu ma a Lome ba baƙin abin ba ne. A nan aka yi gasar Afirka ta 'yan uku-uku a 2017, wadda mazan Najeriya da matan Mali suka ci, aka sake dawowa a 2018. Wannan salon wasa, da ya shiga Olamfik a Tokyo, kwando ɗaya yake buƙata da fili mai mita 15 da 11. Bai kai girman harabar wasu gidajen alhazanmu ba. Kuɗin da uba ɗaya zai miƙa wa mai alkawarin biza zai yi nisa wajen zuba wannan siminti, a ɗaga shi sama kaɗan saboda ambaliyar kogin Zio da damina, a kafa ƙarfe, a biya koci ɗaya da zai riƙa zuwa bayan la'asar. 'Yan mata ma a ware musu ranarsu. Sarkin Zongo da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun haɗa hannu sun gina masallatai da islamiyyu da suka fi wannan tsada nesa ba kusa ba, kuma a cikin masu lodin manyan motoci a bakin hanyar arewa akwai waɗanda za su iya ɗaukar nauyin simintin su kaɗai idan an je musu da maganar.