Awon Laka a Ɗakin Gwaji da Abin da Ke Kuɓuce Masa

Madatsar ruwa ta ƙasa, irin ta Tiga da aka kammala a 1974, ƙarfinta yana ga ƙasar da aka daɓe a cikin bangonta. Shi ya sa kafin tifa ta juye lodin farko, sai an kai samfurin laka ɗakin gwaji domin a san saurin da ruwa ke ratsa ta.

Tushen awon yana ga Henry Darcy, injiniyan ruwa na birnin Dijon a Faransa, wanda a 1856 ya nuna cewa yawan ruwan da ke bi ta cikin yashi yana tafiya daidai da ƙarfin da ke tura shi. Yashi ba ya wahalar da mai awo: a saki ruwa, a tara shi a kofi, a duba agogo. Laka kuwa sai da haƙuri. Ana kafa siririn bututun gilashi a kan samfurin, a cika shi da ruwa, a yi alama, sannan a riƙa leƙowa ana rubuta yadda ruwan ke sauka. Aikin kan ci kwanaki, wani lokaci makonni. A Amurka, lakar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin ramin shara ana so kada saurin ruwa a cikinta ya wuce 0.0000001 na santimita a daƙiƙa, wato kimanin santimita 3 a shekara guda.

Inda tafiyar ruwa ta yi ƙanƙanta haka, ƙaramin kuskure ma babba ne. Kumfar iska da ta maƙale a samfurin tana toshe hanya, sai laka ta zama kamar ta fi yadda take riƙo. Ruwa kan sulale ta gefen gwangwanin ƙarfen da samfurin ke ciki, a lissafa shi kamar ta cikin lakar ya wuce. Masu aikin sun yi wa waɗannan magani: suna naɗe samfurin da fatar roba mai manne masa, suna matsa ruwa har iskar ta narke, suna mayar da lissafi zuwa zafin digiri 20, domin ruwan ɗumi ya fi na sanyi saurin wucewa. Wannan tsanaki ya cancanci yabo.

Damuwata tana ga samfurin kansa. Faɗinsa bai fi tafin hannu ba, kuma kafin a gwada shi an shanya shi, an daka, an tankaɗe, an kwaɓa shi da ruwa daidai gwargwado. A wurin aiki babu mai yi wa laka wannan gata. Can akwai curin da motar daɓe ta kasa murƙushewa, akwai gaɓa tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, akwai tsaga. Ruwa kuma ta nan yake bi. A 1984 David Daniel na Jami'ar Texas ya kwatanta sakamakon ɗakin gwaji da yoyon da aka gani a ainihin shimfiɗun laka, ya tarar na fili ya ninka na gwaji sau 10 zuwa 1,000. Awon bai yi ƙarya ba. Ya faɗi iyakar abin da lakar za ta iya idan komai ya tafi daidai, mutane suka ɗauka abin da za ta yi ke nan.

Duk wanda ya taka fadama a watan Maris, ko baƙar ƙasar firgi ta Borno, ya ga yadda laka ke darewa har hannu ya shige. A ƙasa mai rani irin tamu, shimfiɗar da aka daɓe aka bari a buɗe cikin hunturu tana iya tsagewa kafin a ɗora ta gaba. Don haka ban yarda a karɓi aiki da takardar ɗakin gwaji kaɗai ba. A daɓe ɗan fili na gwaji da injinan da za su yi ainihin aikin, a auna shigar ruwa a nan, a daɓe lakar da ɗan danshi fiye da wanda ke ba da mafi tauri, kuma a rufe kowace shimfiɗa kafin rana ta busar da ita.